Na Ba Ka Gari: Kacici-Kacici da Ƙafa a Lungunan Birni

Mushen Tarihi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata magana da nake son ku taya ni dubawa, musamman mutanen Birni da na Zango, tsofaffin unguwannin nan biyu na Zinder.

Ni malamin tarihi ne a wani kolej a nan Damagaram, wato Zinder. Farkon shekarar karatun nan na tambayi 'yan ajina, wa ya taɓa taka Birni da ƙafarsa, ba ranar hawan Sallah ba, ba rakiyar biki ba, haka kawai don ya ga gari? Aji mai yara sun fi hamsin, hannun da aka ɗaga bai kai goma ba. Yaran nan sun haddace cewa Zinder ce fadar mulkin Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar Yamai, suna rubuta shi daidai a jarrabawa. Amma ka ce su nuna maka inda ganuwa ta bi, sai su tsaya suna kallonka. Abin ya tsaya mini a rai.

Sai wani ƙanena da ke karatu a Faransa ya ba ni labarin wani wasa da suke yi can. Mutum ya biya kuɗi a salularsa, a turo masa tambaya da wurin da zai je ya tsaya. Amsar tana jikin gini ko wani allo, sai ya duba da idonsa ya gano, in ya rubuta daidai a buɗe masa hanya ta gaba. Babu jagora, babu mai ce maka yi sauri. Na ce to ai wannan kacici-kacici ne aka sa wa ƙafa. Mu da muka tashi da ƙulin ƙulifita a tsakar gida bayan isha'i, me zai hana mu yi namu?

Na zauna na rubuta tambayoyi 7, na yi fotokopi. Asabar da ta wuce na fita da yara 12, na kasa su uku, kowane kashi da takardarsa da bik, aka tashi daga ƙofar fada. Kowace amsa tana ba da harafi ɗaya, in an haɗa bakwai ɗin a sami kalma. Ga ta uku don ku ga irinsu:

"Baƙo ne mai suna biyu, ɗaya na gidansu, ɗaya na hanya. Da hunturu ya zo, hunturu bai ƙare ba ya tafi. Bai bar ɗa ba, bai bar gona ba, sai suna a bango. Nemo bangon."

Ina son in faɗaɗa shi ya zama kowa zai iya ɗaukar takardar ya bi, ko da ba ni. Ku faɗa mini inda na yi kuskure.

'Yar Jami'a
Wa alaikumus salam Mushe. Barth ne, Bajamushen da Ingila ta aiko, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim a hanya. Ya shigo Zinder ran 25 ga Disamba 1852, ya fita ran 30 ga Janairu 1853 ya nufi Katsina da Sakkwato har Tumbutu. Bangon kuma gidan da ya sauka ne a Birni, mai allo a jiki.

Amma ku yi haƙuri Mushe, haruffa bakwai a Damagaram ai TANIMUN ne, sunan tsohon Sarkin Damagaram. Ko ban taka ko'ina ba na gama wasan daga ɗakina.

Mushen Tarihi
Kin kama ni, ɗiyata. Shi ne. Kashi ɗaya ma sun gane tun a tambaya ta huɗu, suka fara cike sauran da ka. Zan canza, kalmar ƙarshe ta zama wadda ba a iya hasashenta sai an bi kowane zango.

Ɗan Yamai
Mushe wannan abu ne mai kyau ƙwarai, amma takarda ta tsufa. Ni aikina ke nan, rubuta manhaja. A yi shi a salula: taswira tana nuna inda kake, tambaya ba za ta buɗe ba sai ka iso wurin, a saka murya da Hausa da Faransanci, a saka tsofaffin hotuna mutum ya gwama da abin da yake gani. Baƙo ya biya jika biyu, ɗan gari ya yi kyauta. Ina iya farawa a hutun ƙarshen wata, ba sai an biya ni ba.

Uwar Biyu
Ƙanena, yaro nawa ne a kolej ɗin gwamnati ke da babbar salula da kredi a ciki? Nawa biyun salulata suke aro, ita ma sai na dawo aiki. Kuma ka taɓa shiga lungun Birni kana kallon salula? Kabu-kabu zai kwashe ka kafin ka ɗago.

Ɗan Yamai
Yaya, ana iya sauke shi tun daga gida, ba ya bukatar rezo a hanya. Salula ɗaya ta ishi mutum biyar.

Mushen Tarihi
Na gode da tayin, kuma ban ƙi ba. Amma bari in gaya muku abin da na gani ranar Asabar, don shi ya sa nake riƙe da takarda tukuna.

Kashi na biyu sun ɓata wajen neman gidan Barth. Sun yi ta zagaye kusan minti arba'in, duk lungun da suka shiga ya maido su gindin dutse ɗaya. Ƙarshe wata yarinya a cikinsu ta yi sallama da wani tela da ke zaune bakin shagonsa ta karanta masa tambayar. Dattijon ya ajiye almakashi ya ce mata, a garinku haka ake karɓar amsa kyauta? Ba ni gari. Yarinyar ba ta ma san al'adar ba. Sai ya koya musu: in an yi maka kacici-kacici ka kasa, sai ka ce na ba ka gari kaza, in garin ya yi wa mai tambaya ya karɓa ya faɗa maka, in bai yi masa ba ya ce a ƙaro. Suka ba shi Tanut ya ƙi, suka ba shi Mirya ya karɓa, ya tashi da kansa ya raka su har kwanar. A hanya ya nuna musu inda yake jin kakansa na cewa ganuwa ta bi. Da muka koma aji ranar Litinin, ba Barth suke ba da labari ba, telan suke ba da labari.

To shi ne na ce wannan za a mai da ƙa'ida. Kowane kashi ya fita da garuruwa uku a rubuce a ƙananan katuttuka, misali Mirya, Magarya, Matamai. In kun kafe, ku nemi mutumin unguwar, ku gaishe shi, ku ba shi gari. Wanda ya dawo da garuruwansa cikakku ya fi maki, amma wanda ya kashe su ya fi jin labari. Salula in ta ba ka amsa da danna maɓalli, wa za ka gaisar?

Hajiya Ta Birni
Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa.

Malam, ashe kai ne. Ranar Asabar da hantsi ina zaune a zaure ina tsince wake, sai ga yara huɗu sun tsaya tsakiyar hanya suna nuna gidanmu da yatsa, suna ƙirga zankwaye da ƙarfi, ɗaya na cewa biyar ɗaya na cewa shida. Ba sallama, ba ina kwana. Suka rubuta abin da za su rubuta suka ruga. Na ce wa jikata ko 'yan magajin gari ne za a rushe mana soro? Hankalina bai kwanta ba har maigidan ƙanwata ya zo ya ce ba komai.

Gidan nan surukina ya gada, a ciki aka kawo ni amarya, a ciki na haifi tara. Tun ina da ƙarfina Nasara ke zuwa su ɗauki hoton ƙofarmu, wani ya gaishe ka wani ya ɗauka ya wuce kamar ba mutum a ciki. Waɗancan baƙi ne, an yi musu uzuri. Amma ɗan Damagaram ya tsaya ƙofar gidan mutane bai yi sallama ba, wannan ban iya haɗiye shi ba. Gidanmu ba gidan kallo ba ne.

Mushen Tarihi
Inna, ku gafarce ni. Laifina ne, ba na yaran ba. Ni na rubuta musu "ƙirga zankwayen gidan da ke fuskantar dutse", ban zo na nemi izininku ba, ban kuma ce musu su yi sallama ba, na ɗauka sun sani. Gobe bayan la'asar in Allah ya kai mu zan zo da kaina in ba ku haƙuri, in kun yarda in zo da yaran huɗu. Tambayar kuma na cire ta tun yanzu.

Hajiya Ta Birni
Ka zo da su. Ban ce ka cire ba, na ce a yi sallama. Kuma shida ne, ɗaya ya karye da damina ba mu samu gyarawa ba, shi ya sa suke gardama.

Magini
Hajiya Allah ya ƙara lafiya. Zankon nan in kun yarda zan zo in duba, aikin yini ɗaya ne in ƙasa ta jiƙu.

Mushe, ni maginin laka ne, ubana ma shi ne. Abin da nake so in ce, ƙirga zanko ba ilimi ba ne. Yaro zai ƙirga ya wuce bai san abin da ya gani ba. Ka sa tambayar da za ta sa ya taɓa bango da hannunsa. Bangon Birni na asali da tubali aka ɗora shi, wanda ake murzawa da hannu mai kai kamar na goruba, a shanya a rana, a jera shi kan yana sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bangon ya fi samansa kauri nesa, shi ya sa ɗakin ke da sanyi a watan Afrilu lokacin da gidan kwano ya zama tanda. A waje kuma a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya zame. Zanen da kuke gani a fuskar gida, dagi ne ko takobi ko wani abu, tun yaɓen yana ɗanye ake fitar da shi, in ya bushe an makara. Kuma mai gida ne ke zaɓa, ba magini ba, don haka kowane zane akwai dalilinsa, sai an tambaya.

Ga ɗaya na ba ka kyauta: "Shekara yana kwance baki buɗe, ba ya magana sai sama ta yi kuka." Yaro ya nemo shi, ya faɗi da me aka yi na gidan da ya tsaya.

Ɗan Zango
Indararo!

Magini
Shi ne. Kuma kada ku raina shi, rabin gidajen da na ga sun faɗi daga indararo abin ya fara. Ya toshe da leda ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwana a kan soro, ya sami hanya ya bi cikin bango. Sauran rabin kuma siminti ne. Mutum ya ga ya samu kuɗi ya lulluɓe bangon laka da siminti yana ganin ya huta da yaɓe. Laka tana son numfashi. Danshi ya shiga bayan simintin ya rasa mafita, waje lafiya lau ciki ya zama kunu, ran da zai sauka gaba ɗaya yake sauka.

Ni tun da tsohon masallacin Birni ya faɗi a ruwan Satumba 2024 ban koma daidai ba. Gini tun tsakiyar ƙarni na 19, mun gan shi yana tsagewa da idonmu. Yaran da za a haifa bana sai dai a nuna musu hoto.

Mushen Tarihi
Baba, masallacin nan na daɗe ina tunanin yadda zan sa shi. Na rubuta tambaya na goge ya fi sau uku. Duk yadda na juya ta sai in ga kamar ina wasa da makoki.

'Yar Jami'a
A ganina a sa shi, amma ba a matsayin kacici-kacici ba. Zango ɗaya ya zama babu maki, babu harafi. A ce musu ku tsaya nan, ku nemi wanda ya taɓa sallah a ciki, ku rubuta abu ɗaya da ya gaya muku. In kashi hamsin suka bi a shekara, an tara shaidu hamsin da babu su a kowane littafi. Tun 2006 aka sa Birni da fada a jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su, Agadas ta shiga a 2013, mu har yanzu muna jira. Kafin a zo a duba, aƙalla mu mu rubuta abin da ke akwai.

Jagora
Na karanta duka tun daga sama, na yi shiru don kada in yi magana cikin fushi. Yanzu zan faɗa.

Shekara ta fi ashirin ina zagayawa da baƙi Birni. Da shi na yi aure, da shi nake biyan kuɗin lakwal. Da can in hunturu ya shigo ba na zama, yau in na ga baƙo ɗaya a wata na gode Allah, shi ma yawanci ma'aikacin wata ƙungiya ne da ya zo aiki. Ɗan abin da ya rage mana shi ne 'yan makaranta da 'yan uwanmu na Najeriya. Yanzu ana maganar takarda ko salula da za ta zagaya da mutum "babu jagora". Mushe da bakinka ka faɗa. Abin da muka tara daga bakin tsofaffi shekara da shekaru, wasunsu sun rasu, za a zuba a takarda a raba kyauta. Mu kuma mu ci me?

Ɗan Yamai
Baba, da girmamawa, tarihin gari ba na mutum ɗaya ba ne. Kuma wanda zai yi wasan nan ba shi ne zai ɗauki jagora ba tun farko.

Jagora
Ɗana, ban ce nawa ba ne. Na ce na sha rana a kansa. Kai ma abin da ka koya a lakwal ba naka ba ne, amma ana biyanka in ka yi aiki da shi.

Uwar Biyu
Gaskiyar Baba Jagora ce a nan. Ni shawarata, garuruwan nan da Mushe ya ce a bayar, su zama suna da daraja. Kowane kati dala ashirin ko dala hamsin, iyaye mu biya tun farko. Wanda aka ba gari, tela ne ko mai shayi ko jagora, da yamma ya kawo katin a ba shi kuɗinsa. A ƙarshen wasa kuma kowa ya taru wuri ɗaya, jagora ya zauna da su rabin awa ya warware musu abin da suka gani, a biya shi kuɗin zama. Takarda tana iya kai yaro ƙofar fada, ba ta iya gaya masa wane ne ke zama dama da Sarki wane ne hagu.

Jagora
Wannan ana iya magana a kai. Amma ta salula ban yarda ba tukuna, don ita in ta fita ta fita, ba mai riƙe ta.

Mushen Tarihi
Na karɓi shawarar Uwar Biyu. Baba Jagora, ina roƙon ku duba tambayoyin kafin kowa, duk wadda kuka ga ta shiga gonarku da yawa mu sake ta. Ɗan Yamai, ka ba mu hunturu ɗaya da takarda mu ga inda take yoyo, sannan mu zauna da kai da Baba tare.

Ɗan Zango
Ni tawa dabam ce. Me ya sa misalin farko da aka kawo mana Bature ne? Mutumin da ya yi wata ɗaya da 'yan kwanaki yana jiran kaya a aiko masa, shi ke da allo a bango, shi ke da kacici-kacici. Tanimun da ya ja ganuwa, ya sa maƙeran garin nan suka zuba igwa da hannunsu, ya yi mulki har 1884, ina allonsa? Sarki Ahmadu Kuran Daga da ya fita Tirmini ya tari Faransawa a ƙarshen Yuli 1899 fa? Kuma wasan duk a Birni ya ƙare, kamar Zango ba gari ba ne. Ayarin Abzinawa a ina yake sauka? Gishirin Bilma, fatu, gashin jimina da ake kaiwa har Tarabulus, ta ina suke bi? Malam Yaro da Turawan kansu suka rubuta girman dukiyarsa, a Zango yake. Birni na da sarauta, kuɗin a wajenmu yake kwana.

Mushen Tarihi
Ban musa ba. Na fara da Barth don akwai abin da yaro zai gani ya karanta, irin wannan wasa yana son abin da ido ke kamawa. Matsalarmu ke nan: abin da baƙo ya taɓa an kafa masa alama, namu yana bakin mutane. Amma wannan dalili ne na ƙara dogara da ba da gari, ba na barin namu ba. Zango kuma wasa na biyu ne, mai zaman kansa, don in an haɗa tafiyar ta yi wa yara yawa. In ka yarda kai za ka jagoranci rubuta shi.

Ɗan Zango
Na yarda. Kuma a na Birni a sa Kazmaju. Yaro ya san cewa a watan Mayu 1898 kyaftin ɗin Faransa ya shigo garin nan bai fita ba, shi da tafintansa, kuma yaƙin Tirmini ne ya biyo baya a shekarar da ta zagayo. Har barikin da suka gina kan dutse sunansa suka sa masa kafin daga baya a mai da shi na Tanimun.

Uwar Biyu
Labarin a faɗa, amma kada a tura yara ko kusa da barikin soja da takarda da bik suna leƙe-leƙe, balle salula. Kowa ya san halin da ake ciki. A nuna musu daga nesa.

'Yar Jami'a
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke cina. In za a faɗi igwa da ganuwa da ayari, a faɗi bayi. Richardson, abokin tafiyar Barth, ya zauna Zinder farkon 1851, kuma abin da ya fi rubutawa a kai shi ne samamen da ake kaiwa ƙauyuka ana kamo mutane. Ayarin da ke tafiya arewa ba fatu kaɗai yake ɗauka ba. André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi bincike a kan Damagaram ta ƙarni na 19 bai tsallake wannan ba. In muka ba yara tarihin da babu tabo, ran da suka karanta a wani wuri za su daina yarda da sauran abin da muka gaya musu.

Alaramma
Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, maganarki gaskiya ce. Amma ki bambanta aji da titi. A aji malam na iya faɗa, yara su yi tambaya, a rufe ƙofa. A titi kuwa tambaya tana nuna wuri, wuri kuma yana da mai shi. Jikokin waɗanda suka saya da jikokin waɗanda aka sayar duk suna cikin garin nan, sahu ɗaya suke sallah, wasu sun haɗa zuri'a. Ran da yaro ya tsaya ƙofar wani gida ya ce nan ne, ko ya ce wa ɗan ajinsu ku ne, an buɗe abin da ba mai iya rufewa.

'Yar Jami'a
Allah ya gafarta Malam, ban ce a nuna gidan kowa ba. Amma shirun ma yana da waɗanda yake yi wa ciwo.

Alaramma
Haka ne. To a faɗe shi a zaman ƙarshe da jagora, da babba a wurin, ba a cikin tseren neman maki ba.

Ɗan Zango
Ni ina bayan 'Yar Jami'a, a rubuta shi a takardar, ko da layi uku ne a baya, ba tare da sunan gida ba. Abin da aka bar wa baki, wata rana bakin zai ji nauyi ya tsallake.

Mushen Tarihi
Wannan ba zan yanke shi ni kaɗai ba. Zan rubuta layukan in kawo nan, Malam da 'Yar Jami'a su duba tare.

Na Kurmi
Salamu alaikum mutanen Damagaram, ɗan uwanku ne daga Kano, mahaifiyata 'yar Magarya ce. Ina bin zancen nan da sha'awa. Mu ma badalarmu kullum raguwa take, ana ɗiba ana gini. Yaro ya tashi a Kano bai taɓa shiga Gidan Makama ba, bai san karofin Ƙofar Mata ba sai a hoto. In kun gama tsara naku ku ba ni in gwada a cikin Kurmi. Kuma in kun zo kan Kuran Daga ku sa yaƙinsa da Kano zamanin Sarki Alu, mu ma mu sa a namu, wata rana a haɗa yaran su ji yadda kowane ɓangare ke ba da labarin.

Uwar Biyu
Sai maganar tsari, don kada a bar ta a baya. Ban da Alhamis, ranar kasuwar Dole ce, gari a cike yake. Ban da Juma'a. A fita ƙarfe takwas a gama kafin azahar, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu kaɗai, in zafi ya shigo a ajiye. Kowane yaro da gorar ruwansa daga gida, kada a je ana roƙon mutanen Birni ruwan da su ma da ƙyar suke samu. 'Yan mata kashinsu dabam da babbar mace tana binsu daga baya, ni zan yi na farko. Kuma a hana hawa duwatsu, na san halin nawa.

Jagora
Kafin duk wannan, a je wajen mai unguwa, shi ya kai magana fada. Ba a tara yara ƙofar Sarki da takardu ba a sanar ba. Ni zan raka Mushe, na san wanda za a fara gani.

Mushen Tarihi
Madalla. Laraba bayan la'asar ke nan, Baba, in ya yi muku. Gwaji na biyu kuma Asabar ta sama, kashi huɗu, duk gidan da ke cikin takardar sai na je na nemi izini tukuna. Mai son ɗansa ya shiga ya yi mini magana ta gefe, wuri 16 ne.

Hajiya Ta Birni
Malam ya zo jiya da yaran, sun gaishe ni, mun rabu lafiya. Magini ma ya zo ya duba zanko. Tunda abin haka ne, ni ma ga tawa, a sa a takardar, kuma su shigo zaure su duba, na yarda:

"A tsaye ya girma a fadama, a gidanmu ya kwanta. Tun kafin a haifi mijina yake kwance bai juya ba. Gara ta zo ta gaishe shi ta wuce."

Magini kada ka faɗa.

Ɗan Yamai
Inna, tun ɗazu nake juya ta na kasa. Na ba ku Gure.

Hajiya Ta Birni
Gure ta yi mini nisa, ƙafata ba ta kai. A ƙaro.

Ɗan Yamai
To na ba ku Mirya da lambunanta.

Hajiya Ta Birni
Na karɓa. Amma ba a nan zan faɗa ba. In ka zo gida hutu ka biyo ta Birni, ka yi sallama, ka shigo zaure ka ɗaga kanka sama.